TSEREN HAWAN DUTSE A CIKIN RUWA DA ISKA

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27; 1 Sarakuna 18:41 zuwa 19:18; 2 Timoti 4:6-22

Da yawa daga cikin masu sauraronmu a gindin duwatsu aka haife su. Wanda ya taso a Filato, ko Mambila, ko tuddan Adamawa, ba sai an gaya masa yadda hawan dutse yake cin gwiwa ba. Ya kuma san yadda gari yakan waye da rana tas, kafin azahar hadari ya rufe kan dutse har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. Yau za mu yi magana a kan waɗansu mutane da suke yin gasar gudu a kan duwatsu, mu ga abin da yakan same su sa'ad da yanayi ya ɓaci. Za mu fara bayyana tseren kansa sosai, domin wanda bai gane misali ba, ba zai gane koyarwar da ke cikinsa ba. Manzo Bulus ma haka ya yi. Mutanen Koranti sun san wasannin da ake yi kusa da birninsu kowace shekara biyu, sun san cewa wanda ya ci, rawanin ganye ake ɗora masa a kai, sai Bulus ya ɗauki abin da suka sani ya koya musu abin da ba su sani ba.

Wane irin tsere ne wannan?

A arewacin Ingila, da Sikotilan, da Wales, akwai wata tsohuwar al'ada ta yin tsere zuwa ƙwanƙolin dutse a dawo. Ta yi ƙarfi a ƙauyukan makiyaya, inda a ranar wasannin gari samari sukan gwada wa ya fi saurin hawa da sauka. Har yau yawancin masu yinta ba sana'arsu ba ce. Akwai manoma, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da magina, maza da mata, har da tsofaffi masu furfura. Mutum yakan biya ɗan kuɗin rajista daga aljihunsa, kyautar da ake ba wanda ya ci kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a wannan gudu shi ne Joss Naylor, wanda ya rasu a shekara ta 2024. Makiyayin tumaki ne a kwarin Wasdale. A 1975 ya hau kawunan duwatsu 72 cikin abin da bai kai awa 24 ba, ya koma ga tumakinsa.

Dutse mafi tsawo a Birtaniya shi ne Ben Nevis, mai tsayin mita 1,345. Kowace shekara a farkon watan Satumba ana yin tsere daga garin Fort William zuwa kansa a dawo, tafiyar kilomita 14 ko kusa da haka. A 1984 wani mai suna Kenny Stuart ya yi wannan hawa da sauka cikin awa 1 da minti 25 da daƙiƙa 34. A nahiyarmu ma akwai irinsa. A garin Buea na Kamaru an fara tseren hawan Dutsen Kamaru a 1973, dutsen da ya haura mita 4,000. A nan Nijeriya kuma an fara tseren dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005.

Wannan gudu ya sha bamban da na filin wasa. A fili ƙasa shimfiɗe take, layi a zane yake, jama'a suna tafa wa mutum daga farko har ƙarshe. A kan dutse kuwa akwai tsakuwa mai santsi, da taɓo mai cafke ƙafa, da rafuffukan da za a haye. A yawancin gasar Ingila ba a sa alama a hanya. Akwai tashoshi kawai, inda waɗansu masu aikin sa kai suke tsaye suna rubuta lambar duk wanda ya wuce. Tsakanin wannan tasha da waccan, mai gudu ne zai nemi hanyarsa da kansa, da taswira da kamfas, wato ɗan abin nan mai allura da ke nuna arewa. Sau da yawa babu mai kallo ko ɗaya.

Abin da ruwa da iska suke yi wa jiki

Me ya sa ɓacin yanayi yake da haɗari haka a kan dutse? Dalili na fari shi ne tsayi. A kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kamar digiri 6. Saboda haka mutum zai iya barin gindin dutse da singileti yana gumi, ya tarar da sanyi mai ratsa ƙashi a sama. Dalili na biyu shi ne jiƙewa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, har kusan ninki 25. Rigar da ta jiƙe da ruwan sama ko da gumi ba ta ƙara tsare mutum, sai ma ta riƙa zuƙe ɗuminsa. Na uku shi ne iska, wadda take share ɗan ɗumin da ke manne da fata da zarar jiki ya fitar da shi. Idan waɗannan uku suka haɗu, ba sai ƙanƙara ta sauka kafin mutum ya shiga haɗari ba.

Zafin jikin lafiyayyen mutum digiri 37 ne. Muddin mai gudu yana gudu, naman jikinsa yana ƙona abinci yana ba shi ɗumi, kamar murhun da ake ta ƙara wa itace. Matsalar takan fara ne sa'ad da ya rage sauri. Wataƙila ya gurɗe ƙafa, ko hawan ya yi tsauri har dole ya koma tafiya, ko abincin cikinsa ya ƙare. Wuta ta ragu, ruwa da iska kuwa ba su ragu ba. Da zarar zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga abin da likitoci suke ɗauka ciwo ne na gaggawa.

Alamunsa suna zuwa daki-daki. Da fari mutum yakan yi ta rawar ɗari. Sai yatsunsa su ƙi aiki, ya kasa ɗaure igiyar takalmi ko jan zif ɗin riga. Sai ya fara tuntuɓe, harshensa ya yi nauyi kamar na mashayi. Daga nan hankalinsa ya rikice, ya riƙa gardama, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. In abin ya yi nisa, rawar ɗarin takan tsaya, barci ya kama shi, waɗansu ma sukan ji kamar zafi ya dame su har su tuɓe riga. Mu lura da wannan sosai, gama za mu komo kansa: sanyi yakan fara lalata hankalin da mutum zai yi amfani da shi ya gane cewa yana cikin haɗari. Shi ya sa na kusa da shi yakan riga shi ganewa.

Wannan ilimi yana da amfani a gidajenmu ma. Yaro mai kiwo da ruwan Agusta ya duka a kan tudu, ko tsoho da ya dawo daga gona a jiƙe yana kyarma, a shigar da shi inda iska ba ta kaiwa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, kada a kwantar da shi a ƙasa mai sanyi. In yana cikin hayyacinsa a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari. Kada a ba shi burkutu ko wata giya, domin tana sa mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. In maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi asibiti.

Dokokin tseren

Saboda an sha rasa rayuka, ƙungiyar masu wannan gudu ta Ingila, wadda aka kafa a 1970, tana da dokoki masu tsanani. A tsere mai nisa dole kowa ya ɗauki riga da wando da ruwa ba ya ratsawa, da hula, da safar hannu, da taswira, da kamfas, da usur, da ɗan abinci na ko-ta-kwana. Ana iya buɗe jakar mutum a duba kafin a tashi ko bayan an gama. Wanda ba shi da su, ko da shi ya zo na ɗaya, za a soke sakamakonsa. Usur ɗin kuwa na kiran taimako ne: busa shida a jere, a dakata minti guda, a sake.

Akwai wata doka kuma da ake ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Kowa yana da izini ya janye daga tseren in ya ga ba zai iya ba, amma dole ya je ya gaya wa masu shirya gasar. Wanda ya sulale ya tafi gida shiru ya yi babban laifi, domin za a ƙirga a ga ba ya nan, a tura mutane cikin duhu da ruwa su neme shi a banza. Kuma an san cewa duk wanda ya tarar da wani a kwance cikin wahala zai bar tserensa ya taimake shi.

Tsere biyu, hadari iri ɗaya

Bari mu kwatanta abubuwa biyu da suka faru. A watan Oktoba na 2008, mutane kimanin 2,500 suka shiga wata gasa ta kwana biyu a duwatsun Borrowdale da ke arewacin Ingila. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, iska ta yi ƙarfi, rafuffuka suka cika suka rufe hanyoyi. Aka dakatar da gasar tun a rana ta fari. Gidajen rediyo da talabijin suka yi ta shela cewa ɗaruruwan mutane sun ɓace a kan duwatsu. Washegari aka ƙirga, kowa ya cika. Waɗansu sun ji rauni, waɗansu sanyi ya kama su, amma ba wanda ya mutu. Dalili shi ne dokar gasar ta ce a shiga bibbiyu, kowane biyu kuma su ɗauki tanti, da jakar barci, da abinci, da ɗan risho. Da hadari ya tsananta, waɗansu suka kafa tantinsu suka kwana, waɗansu suka fake a rumbunan manoma.

Na biyu ya faru ran 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin. Mutane 172 suka tashi da safe a tseren kilomita 100. Da yawa suna sanye da gajeren wando da 'yar riga, domin ba a tilasta wa kowa ya ɗauki rigar iska ba. Wajen tsakar rana, daidai lokacin da na gaba suka kama wani hawa mai tsauri na kamar mita 1,000 tsakanin tasha ta biyu da ta uku, sai ga ƙanƙara da ruwa mai sanyi da guguwa. Mota ba ta iya kaiwa wurin. Mutane 21 suka mutu. A cikinsu akwai Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen dogon gudu na ƙasar, wanda ya sha cin wannan gasa a baya. Saurin na gaba ne ya kai su wuri mafi tsayi da mafi buɗewa a daidai sa'ar da hadarin ya fi muni. Littafin Mai Hadishi 9:11 ya riga ya faɗa mana cewa a duniyan nan ba kullum mai sauri yake cin tsere ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce waɗanda suka mutu sun fi sauran zunubi ne. Ubangijinmu ya hana mu irin wannan tunani a Luka 13:1-5. Binciken da hukumomin ƙasar suka yi ma ya ɗora alhakin a kan masu shirya gasar, aka hukunta jami'ai da dama. Abin da muke so mu gani shi ne, hadari ya sauko wa taron biyu, amma shirin da aka yi tun kafin a tashi ya sa ƙarshensu ya bambanta.

A wannan rana ta baƙin ciki akwai wani makiyayi da yake kiwon tumakinsa a kan dutsen. Da ruwa ya sauko sai ya fake a wani kogo inda ya saba ajiye tufafi da ɗan abinci. Daga ciki ya ji kukan neman taimako. Ya fita cikin ƙanƙarar, ya shigo da mutane, ya hura wuta, ya lulluɓe su. Mutum shida suka tsira ta hannunsa. Shi bai shiga tseren ba, ba shi da lamba a ƙirji, amma yana da mafaka da wuta, kuma ya yarda ya fita.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yanzu bari mu buɗe Maganar Allah. Abu na fari da tseren nan yake koya mana shi ne shiri. Mai gudu yakan ji haushin jakar da ke bayansa sa'ad da rana take haske. Tana da nauyi, tana kaɗawa, ga wani ya wuce shi ba ya ɗauke da komai. Amma kayan nan ba domin gindin dutse aka ɗauke su ba. Haka rayuwar mai bi take. Sa'ad da amfanin gona ya yi kyau, yara suna lafiya, gari yana zaman lafiya, addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki a gida sukan zama kamar kaya marar amfani. Mukan ce za mu yi in mun sami lokaci. Amma ranar da aka kira mu asibiti da tsakar dare, ko rikici ya tashi aka gudu aka bar gida, ba a ranar ake fara koyon addu'a ba. Ayar da yaro ya haddace a makarantar Lahadi ita ce rigar ruwansa ta shekara ashirin masu zuwa. A Matiyu 25 'yan mata goma duka suna da fitilu, duka kuma sun yi barci. Abin da ya raba su shi ne man da biyar suka tanada tun da rana.

Wani zai ce, ai Ibraniyawa 12:1 ta ce mu yar da nauyi mu yi gudu. Gaskiya ne. Mai gudun dutse ma ba ya ɗaukar abin da ba ya bukata, har yakan auna kayansa. Hikimar ita ce sanin abin yarwa da abin riƙewa. Ƙiyayyar da muka riƙe wa ɗan'uwa tun rabon gādo, da bashin da muka ci domin a gan mu a biki, da zunubin da muke ɓoyewa, waɗannan su ne nauyin yarwa. Abin baƙin ciki, sau da yawa mukan riƙe waɗannan gam, mu yar da Magana da zumunci domin mu sami sauƙin tafiya.

Sa'ad da hazo ya rufe hanya

Abu na biyu shi ne neman hanya. Masu wannan gudu suna da wani gargaɗi da suke yi wa sababbi: kada ka bi bayan wani don kawai yana gudu da ƙarfin zuciya. An sha ganin jerin mutane sun bi mutum ɗaya cikin hazo har suka sauka a wani kwari dabam. A cikin hazo jikin mutum yakan gaya masa cewa arewa tana nan, allurar kamfas kuwa ta nuna wani wuri. Wanda ya ƙware ya koyi ya gaskata allurar. A kwanakin wahala masu wa'azi iri iri sukan taso, wannan yana sayar da mai, wancan yana nuna wa mutum maƙwabcin da wai ya yi masa asiri. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 sun saurari Bulus kansa, duk da haka suka riƙa bincika Littattafai kowace rana su tabbatar. In su sun auna maganar manzo, mu ma mu auna kowace koyarwa, har da wadda muke kawo muku a wannan shiri.

Bibbiyu

Abu na uku shi ne abokin tafiya. Mun ga cewa sanyi yakan ruɗe hankalin mutum har ya ce lafiyarsa ƙalau. Sanyin ruhaniya ma haka yake. Ba a kan wayi gari a ce an bar bangaskiya. Mutum yakan fara da rashin zuwa addu'ar tsakiyar mako, sai sujadar Lahadi ta zama jefi-jefi, sai ya riƙa fushi in an tambaye shi. Ibraniyawa 3:13 ta ce zunubi yana da ruɗi, yana taurara zuciya, saboda haka mu gargaɗi juna kowace rana. Mai Hadishi 4:9-12 ya nuna amfanin mutum biyu: in ɗaya ya faɗi ɗayan zai tashe shi, in sanyi ya yi za su ɗumama juna. Miji da mata, ku zama wa juna haka. Zumuntar mata da ta matasa, in kun ga kujerar wani ta kwana biyu babu kowa, kada ku jira sai an yi sanarwa. Ku je gidansa.

Ga wanda ya gaji kuma, ga dokar nan ta masu gudu: kada ka sulale shiru. In nauyi ya fi ƙarfinka, busa usur. Gaya wa fasto, ko dattijo, ko wata uwa a ikilisiya. A al'adunmu da yawa namiji ba ya cewa ya gaji, amma wannan kunya ta kashe mutane a kan dutse, tana kuma kashe gidaje.

Iliya, mai gudu cikin ruwa

Littafi Mai Tsarki yana da nasa labarin gudu daga kan dutse cikin hadari. Bayan fari na shekara uku da rabi, Iliya ya durƙusa a kan Dutsen Karmel yana addu'a. Ya aiki baransa sau bakwai ya duba wajen teku, sai a na bakwai aka ga ɗan ƙaramin girgije. Nan da nan sama ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya kece. Sarki Ahab ya hau karusarsa. Ikon Ubangiji ya sauko wa Iliya, ya tattare rigarsa ya ɗaure, ya yi gudu a gaban karusar har Yezreyel.

Da a nan labarin ya ƙare, da mun ce bawan Allah ba ya gajiya. Amma sura ta 19 ta biyo. Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ku duba alamun: gajiya, da yunwa, da kaɗaici, da hankalin da ya rikice har yana ganin shi kaɗai ya rage. Me Allah ya yi? Bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, har sau biyu. Sai da ya ci ya sami ƙarfi ya kai Horeb ya shiga kogo, sa'an nan Allah ya yi magana da shi, ya gyara lissafinsa, ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi Elisha, domin kada ya ƙara tafiya shi kaɗai. Tsayawa a huta ba ja da baya ba ne. Ku dattawan ikilisiya, ku tuna da wannan game da fastocinku da masu bisharar da ke ƙauyuka. Masu shirya tsere suna da alhakin waɗanda suka tura kan dutse, haka ma ikilisiyar da ta aiki ma'aikaci. Kada a tura mutum wuri mai wuya ba tallafi, ba ziyara, ba hutu, sa'an nan in ya faɗi a ce bangaskiyarsa ce ta kasa.

Bulus ma ya san wannan. A 2 Timoti 4, daga kurkuku, ya shaida cewa ya kai ƙarshen tserensa, rawani yana jiransa. Amma 'yan ayoyi kaɗan a gaba sai ya roƙi Timoti ya kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa, da littattafansa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Dimas ya yashe shi, Luka ne kaɗai yake tare da shi. Babban manzo, a bakin layin ƙarshe, yana bukatar riga, da Magana, da aboki, bai kuwa ji kunyar roƙonsu ba.

Makiyayin da ya fito

Za mu rufe da abin da ya fi duka muhimmanci. Shiri yana da kyau, amma akwai hadarin da ya fi kowane shiri. Waɗancan mutum shida na Gansu ba saurinsu ne ya cece su ba. Sun riga sun ƙare. Wani ne ya ji kukansu ya bar mafakarsa ya fito. A Yahaya 10 Yesu ya kira kansa makiyayi mai kyau, wanda yake ba da ransa domin tumakin. Makiyayin Gansu ya fita ya dawo da ransa, Ubangijinmu kuwa ya hau tudun Golgota ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. A gasar duniya mutum ɗaya ne yake karɓar rawani, ganyensa kuma yakan bushe. Amma Bulus ya ce rawanin adalci ba nasa ne shi kaɗai ba, na dukan masu marmarin bayyanar Ubangiji ne. Mai sauraro, in kana kwance a gefen hanya yau, ba ka da ƙarfin tashi, kana da ƙarfin kira. Ka kira shi. In kuma kana tsaye da ƙarfinka, ka duba ko akwai wanda ya kamata ka tsaya dominsa a makon nan.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Wane kaya ne muka daina ɗauka a gidanmu domin muna ganin rana tana haske?
2. Wane nauyi ne ya kamata mu yar?
3. Wa muka kwana biyu ba mu gani a sujada ba? Wa zai je wurinsa, yaushe kuma?

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka san jikinmu da iyakar ƙarfinmu. Ka koya mana mu yi shiri tun da rana. Ka riƙe mu a kan Maganarka sa'ad da hanya ta rufe. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ka ƙarfafa bayinka da suka gaji, ka buɗe kunnuwanmu mu ji kukan ɗan'uwa. Ka kai mu ƙarshen tseren lafiya, mu da 'ya'yanmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.